Yadda Darasin Zaman Duniya Ya Koma Jami'o'in Amurka

A kwalejojin Amurka na ƙarni na 19 akwai darasin da shugaban kwaleji ba ya yarda ya bar wa kowa. Idan ɗalibai suka kai shekarar ƙarshe, shi da kansa yake zama da su ya koyar da falsafar ɗabi'a: mene ne haƙƙin maƙwabci, yaya ake riƙon amana, me ake nema a rayuwa. Mark Hopkins ya yi haka a Kwalejin Williams, wadda ya shugabanta daga 1836 zuwa 1872. Francis Wayland na Jami'ar Brown har littafi ya rubuta domin wannan aji a 1835, kwalejoji da dama suka ɗauke shi. A wancan zamani ba a raba ilimi da tarbiyya.

Abin da ya raba su tsarin Jamus ne, inda ake auna darajar malami da binciken da ya yi. An buɗe Jami'ar Johns Hopkins a 1876 a kan wannan tsari, Charles Eliot kuma, wanda ya karɓi shugabancin Jami'ar Harvard a 1869, ya sakar wa ɗalibai mara su zaɓi darussan da suke so. Kimiyya ta ci riba ƙwarai, ba mai musun haka. Sai dai ajin shugaban kwaleji ya mutu a hankali, aka miƙa halin ɗalibi ga limaman coci da masu kula da ɗakunan kwana.

Dawowarsa ta ɓarauniyar hanya ce. A 1946 Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan Adam da ya gudo daga Jamus, yana gudanar da wani taron horo a jihar Connecticut, sai aka lura mahalarta sun fi ƙaruwa idan suka ji yadda wasu suke ganin halinsu. Daga wannan dabara aka samu kwas ɗin da Makarantar Kasuwanci ta Stanford ta fara a 1968, inda ake zaunar da ɗalibai kamar goma sha biyu su riƙa faɗa wa juna gaskiya ido da ido. Har yau masu shirin zama manajoji suna rububinsa.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Jami'ar South Carolina. A watan Mayun 1970, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, kwanaki kaɗan bayan dakaru sun harbe ɗalibai huɗu a Jami'ar Kent State, ɗaliban South Carolina suka yi bore har suka mamaye ginin hukumar makaranta. Da ƙura ta lafa, shugaban jami'ar, Thomas Jones, bai tsaya ga hukunci kaɗai ba. Ya tambayi kansa me ya sa yaran da aka ɗauka da hannu bibbiyu suka koma kallon makarantarsu kamar abokiyar gaba. Amsarsa ita ce sun shigo ba wanda ya san su, su ma ba su san kowa ba. A 1972 aka buɗe kwas mai suna University 101: ƙaramin aji na sababbin shiga, da malami guda da zai san sunan kowa, ana tattauna yadda ake karatu, yadda ake tsara lokaci, da inda za a je idan abu ya yi tsanani. Wani malami mai suna John Gardner ya karɓi ragamarsa a 1974, daga nan ya bazu zuwa ɗaruruwan jami'o'i. Duk wanda ya taɓa sauka a ƙofar jami'a da akwati, bai san ko ina zai kwana ba, ya san amfanin irin wannan aji.

Shugabanci kuwa ya samu gurbinsa a jami'o'i bayan littafin da James MacGregor Burns ya rubuta a kansa a 1978, har Jami'ar Richmond ta buɗe Makarantar Jepson a 1992 domin ba da digiri a fannin.

Saura kwanciyar hankali. Martin Seligman ya yi suna ne da binciken yadda dabba ko mutum ke sallamawa idan wahala ta yi ta maimaituwa. Da ya zama shugaban ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka a 1998, sai ya ce fanninsu ya daɗe yana ƙirga cuta, lokaci ya yi da za a binciki abin da ke sa mutum ya ji daɗin rayuwa. A 2006 ɗalibai fiye da 800 suka cika ajin Tal Ben-Shahar a Harvard a kan wannan batu.

Laurie Santos ta Jami'ar Yale ba daga littafi ta gano matsalar ba. An naɗa ta shugabar Kwalejin Silliman, ɗaya daga cikin gidajen kwanan ɗaliban jami'ar, tana zaune cikin ɗalibai, tana cin abinci da su, ta ga yaran da suka doke dubbai kafin su samu gurbi suna fama da damuwa da rashin barci. A Janairun 2018 ta buɗe kwas a kan rayuwa mai daɗi. Kusan 1,200 suka yi rajista, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu digirin farko, abin da Yale ba ta taɓa gani ba cikin shekaru fiye da 300. Aikin gida shi ne a yi barci isasshe, a motsa jiki, a rubuta abin godiya, a kyautata wa wani. Da aka sa kwas ɗin a Coursera, dandalin karatu na intanet, miliyoyin mutane suka shiga, musamman lokacin kullen korona.

Ina murna da wannan aji, amma yawan masu shigarsa ya fi ba ni tsoro. Kashi ɗaya cikin huɗu na ɗalibai ba za su yi layi neman maganin abin da ba ya damunsu ba. Darasin barci kuma ba ya rage bashin kuɗin makaranta, ba ya rage gasar da ta hana barcin tun farko.

Jami'ar Bristol ta Ingila ta buɗe nata kwas ɗin a 2018 a hannun Bruce Hood, ta kuma bi sawun ɗalibanta bayan sun gama. Sakamakon da aka fitar a 2024 ya nuna cewa waɗanda suka ci gaba da aikata abin da aka koya musu ne kawai sauƙin da suka samu ya ɗore. Sauran sun koma inda suke kafin su shiga ajin.