Tarihin Ƙera Madubin Hangen Taurari

Tun zamanin kakanni, manoman ƙasar Kwantagora, daga Tungan Magajiya har zuwa Rijau, da ido tsirara suke duban sama, suna lura da fitowar Kaza da 'Ya'yanta da ɓuyarta, malaman hisabi kuwa suna ƙidaya musu manzilolin wata guda 28, kowace da kwanakinta 13 in ban da guda mai 14, domin a san lokacin shuka. Ilmin falaki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin Shehu Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi talifi a kan taurari da sirrin adadi. Sai dai ido, komai kaifinsa, ƙofarsa ƙarama ce, hasken da ke shiga ta cikinta kaɗan ne, shi ya sa duk wanda ya nemi ƙarin sani sai ya nemi babban ma'auni.

Magabata da gini suka fara: Sarki Ulug Beg ya gina ma'aunin dutse a Samarƙandi a shekarun 1420, faɗin zagayensa daga tsakiya kimanin mita 40. Daga baya gilashi ya zo, Galileo ya ɗaga nasa sama a 1609, Newton kuwa a 1668 ya musanya gilashin da haske ke ratsawa da madubi mai lotsawa wanda ke tattara haske wuri guda.

Amma inda haƙurin ɗan Adam ya bayyana sarai shi ne madubin dutsen Falomar a Amurka, mai faɗin inci 200, wanda George Hale ya nemo wa kuɗi a 1928. Kamfanin Corning ya narka gilashi ya zuba a 1934, zubin farko ya lalace saboda tubalan da aka kafe a gindin kaskon sun ɓalle sun taso, aka sake zuba na biyu a watan Disamba, kana aka bar shi yana hucewa sannu sannu cikin tanda har kimanin wata 10, domin in da ya yi sanyi da gaggawa, da ya tsage. An yi wa bayansa ramuka don rage nauyi, amma duk da haka ya kai kusan tan 20. A 1936 jirgin ƙasa ya ɗauke shi zuwa Fasadina, inda magoga suka duƙufa a kansa, yaƙin duniya ya katse su, ba su gama ba sai 1947, bayan sun goge wajen tan 5, har kuskuren fuskarsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. Hale ya riga mu gidan gaskiya a 1938, bai ga ƙarshen aikin ba, kuma lalle ya cancanci sunansa da aka raɗa wa na'urar a 1948.

Da nauyi ya gagari masana, sai suka koma ga haɗa ƙananan madubai masu kusurwa shida, kwamfuta tana daidaita su. Ta wannan hikima aka ƙera na Keck a Hawai da guda 36, da kuma SALT a Sutherland ta Afirka ta Kudu, wanda aka buɗe a 2005 da guda 91. Wanda ake ginawa yanzu a dutsen Armazones na ƙasar Cile, faɗinsa mita 39 ne, madubansa 798.