Magani mai araha: mu da Maraɗi, wa ke saye wurin wa?

1/ Masu cewa a tsallaka waje a sayo magani da sauƙi, ku zo mu ɗan yi tarihi. Mu a Tozai da Sabon Birni, "waje" Maraɗi ce, ba Dubai ba.

2/ Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Maganin kemis a Nijar galibi daga Faransa yake zuwa, sai kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi. 'Yan uwanmu na can suka dawo sayen na Najeriya, har na kan tire a kasuwa.

3/ Jabu kuwa ya bi hanyar, har ta hannun hukuma. A annobar sanƙarau ta 1995, Najeriya ta ba Nijar kyautar allurar rigakafi, likitocin MSF suka gano jabu ce. An riga an yi wa dubban mutane!

4/ A 2023 naira ta faɗi, kamfanin GSK ya sanar da barin Najeriya, Ventolin na masu asma ya gagari talaka.

5/ To amma sefa da yuro take ɗaure. Ni a ganina, ka kai takardar likita Maraɗi da naira a aljihu, ɗan canji ne zai cinye rangwamen.