Ruwan Tiga da Sauyin Rayuwar Halittu a Ƙasar Bunkure da Kura

Kafin shekarar 1970, manomin Bunkure da Kura ya san lokuta biyu ne manya a shekara: damina ta wata huɗu zuwa biyar, da rani mai tsawo. Kogin Kano yakan cika ya batse a watan Agusta, sannan ya ja baya har ya bar yashi, sai an tona ake samun ruwa. Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne amfanin tudu. A fadamu kuma ana ɗan lambu da jigo. Cikin gonaki akwai ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, kowace da mai ita da kuma aikinta. Gawo dai abin lura ne, domin yana kaɗe ganyensa da damina, ya bar wa shuka hasken rana da taki, sannan ya tofo da rani lokacin da dabba ke neman ɗanyen ganye. Bayan girbi Fulani su shigo da shanu su ci kara, su bar kashi a gona.

Shi kansa rani ma'aikaci ne a cikin wannan tsari, ko da yake ba a cika lissafa shi ba. Ƙafewar ruwa tana rage sauro da dodon koɗi, tana busar da ciyawar ruwa, tana kuma yanke wa kwarin gona abinci har wata shekara. Tarihin da ya biyo baya, a taƙaice, tarihin cire wannan ma'aikaci ne daga aikinsa.

Gwamnatin Audu Baƙo, wadda ta mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ita ce ta ɗauki gina madatsun ruwa a matsayin babbar manufa. An fara gwajin ban-ruwa a Kadawa da ruwan madatsar Bagauda, bisa shawarar kamfanin NEDECO na ƙasar Holan, sannan aka kammala madatsar Tiga a 1974, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya gigita ƙasashen Sahel. Wanda ya ga yunwar waɗannan shekaru ba zai yi mamakin irin marabar da aka yi da aikin ba. An tsara kashi na farko ya shayar da hekta 22,000 a yankin da yanzu ya ƙunshi Kura da Bunkure da Garun Malam, daga baya kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta karɓi ragamarsa. A 1992 aka ƙara madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye.

Domin ruwa ya gudana da kansa ba tare da inji ba, sai da aka baje ƙasa aka daidaita ta. An tumɓuke itatuwan gona, an share tsoffin iyakoki, an sake rabon filaye, burtalai da yawa suka faɗa cikin fangali. Matar da ke dogaro da kalwa don daddawa ta rasa ɗorawarta, makiyayi kuma ya tarar da gonar da ya saba kiwo a cikinta da rani cike da alkama. Amma rashin adalci ne a musanta alherin da aka samu. Ƙasar da matasanta ke tafiya ci-rani ta koma wurin da ake zuwa neman aiki. Alkamar da gwamnati ta fi so, musamman bayan hana shigo da ita a 1987, ba ta daɗe tana jan ragama ba. Shinkafa da tumatir da albasa da masara su ne manoma suka zaɓa wa kansu, har Kura ta yi suna da shinkafa kamar yadda ta yi suna da rini a dā.

Sauran halittu ma sun karɓi sabon yanayin, kowace gwargwadon ɗabi'arta. Magudanar da ba ta bushewa gida ce ga dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma yaran da ke wanka a ciki su ne suka fi kamuwa. Sauro ya sami wurin ƙyanƙyasa a watannin da a dā ba shi da shi. Inda magudanan fitar da ruwa suka toshe, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da saiwa, gishiri ya fito a fuskar gona. A 2016 kuma aka ga abin da shuka iri ɗaya a fili mai faɗi ke jawowa, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, manoma kuma suka laƙaba mata suna sharon, ta cinye tumatirin yankin cikin makonni, har sabuwar masana'antar Dangote da ke Kadawa ta dakata saboda rashin kaya.

Babban tasirin bai tsaya a Bunkure ba. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke bazuwa a dausayin Haɗeja da Nguru kafin ya sadu da na Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Rayuwar wannan dausayi ta ginu ne a kan ambaliyar shekara-shekara: kifi ya hayayyafa a filin da ruwa ya rufe, a shuka shinkafa, ruwa ya janye a shuka wake, shanu su biyo ciyawa, rijiyoyi su cika daga ƙasa, tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai su sauka. Madatsun biyu sun rage ƙarfin ambaliyar, suka maye gurbinta da ɗan ruwa mai gudana duk shekara. Wannan shi ne ainihin abin da kacalla ke bukata. Ciyawar da fari ke takura wa a dā ta mamaye hanyoyin ruwa, ta tara laka, ta karkatar da kogi, har wasu garuruwa suka nutse, wasu kuma suka rasa ruwa gaba ɗaya. A cikin duhunta jan-baki ke kwana, daga nan yake faɗa wa gero da shinkafa, har sai an kawo jirgin sama ya yi feshi. Edward Barbier da Julian Thompson sun wallafa nazari a 1998 da ya nuna cewa abin da mutanen dausayi ke rasawa na noma da su da itace ya zarce abin da manyan ayyukan ban-ruwa na sama ke samarwa da wannan ruwa.

A nan ne mas'alar ta shigo zauren malamai. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da kwarurukan Mahzur da Muzainib na Madina, wanda ya ba na sama damar fara shayarwa, amma ya iyakance masa zurfin ruwan da idon sawu, ya kuma wajabta masa sakin sauran ga na ƙasa. Haka nan an hana riƙe rarar ruwa domin a hana dabbobi ciyawa. Malaman ƙasar nan ba baƙi ba ne ga wannan babi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar mataccen fili, kuma kalmar hurumi da Bahaushe ke amfani da ita daga harim ɗin littattafan fiƙihu ta samo asali.

Wahalar tana wajen ɗora hukuncin a kan abin da ke faruwa. Idon sawu awo ne na gona ɗaya da rafi ɗaya, tsakanin maƙwabtan da ke ganin juna. Madatsa kuwa tana riƙe ruwan shekara guda, wanda ke ƙasa da ita kuma yana iya kasancewa masunci a Gashuwa da bai taɓa taka Bunkure ba. Sannan hukumar na iya cewa ta saki ruwa, ta kuma yi gaskiya, alhali ta sake shi a lokacin da kacalla kaɗai zai amfana. Ke nan haƙƙin na ƙasa ya haɗa da lokacin zuwan ruwan da yanayin zuwansa, abin da ba a iya tantancewa sai da sanin yadda kifi da ciyawa da tsuntsu ke rayuwa. Ƙa'idar hana cutarwa sananniya ce, amma muftin da bai san ta wace hanya cutar ke bi ba zai yi wuya ya gane wanda za a tambaya, domin manomin Bunkure ba shi ne ke buɗe ƙofar Tiga ba.

An sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2000, an kuma sha ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina domin a kwaikwayi ambaliyar dā. Kogin Jama'are, wanda har yanzu ba shi da babbar madatsa, shi ne ke kawo mafi yawan ruwan da ke isa Yobe. Shirin tare shi a Kafin Zaki, cikin Jihar Bauchi, ya yi shekaru da dama ana ɗauko shi ana ajiyewa, mutanen sama suna nema, na Yobe da Borno suna adawa.