Kyaftin Tom Moore: ɗan mazan jiyan da ya tara fam miliyan 32 da taku a bayan gidansa

Kyaftin Tom Moore tsohon sojan Birtaniya ne kuma ɗan kasuwa, wanda duniya ba ta san da shi ba sai da ya kai shekara 99. An haife shi ranar 30 ga Afrilu, 1920 a garin Keighley da ke yankin Yorkshire na arewacin Ingila, a gidan magina. Ya rasu ranar 2 ga Fabrairu, 2021 a asibitin Bedford, bayan fama da ciwon huhu da cutar korona.

An ɗauke shi aikin soja a 1940, Yaƙin Duniya na Biyu na tsaka da ci, aka ba shi muƙamin hafsa a 1941, sannan aka tura shi Indiya. Bataliyarsa ta koma rundunar tankokin yaƙi, kuma da ita ya shiga yankin Arakan na ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar. A wannan yanki ne dai dubban sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa masu yawa, suka fafata da Japanawa a ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82. Daga nan barikin Arakan da ke Legas ya samo sunansa. A 1945 Moore ya koma gida, ya zama mai koyar da sarrafa tankoki a Bovington.

Da ya tuɓe kaki sai ya shiga neman na kansa kamar kowa. Ya yi aikin sayar da kayan rufin gini ga wani kamfani, daga bisani ya zama manajan darakta na wani kamfanin kankare a garin March. Ya kasance mai sha'awar tseren babur tun yana yaro. Abin da ba a cika ambata ba, alhali shi ya fi nuna halinsa, shi ne cewa shekaru masu yawa ya yi yana shirya taron shekara-shekara na tsofaffin abokan bataliyarsa, ba don an biya shi ba.

A 2018 ya faɗi ya karye a ƙugu, an kuma yi masa maganin kansar fata. Kulawar da ya samu a hannun ma'aikatan hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, ita ce ta tsaya masa a rai. Da gwamnati ta kulle ƙasar a Maris 2020 saboda korona, sai ya ƙudura zai zagaya lambun gidan da yake zaune da iyalin 'yarsa a ƙauyen Marston Moretaine sau 100 kafin ya cika shekara 100, yana dafe da ƙarfen dogarawa mai taya. Tsawon kowane zagaye mita 25 ne, burinsa kuma fam 1,000 kacal.

Ya fara ranar 6 ga Afrilu, ya kammala ranar 16 ga watan, sojoji na jere suna sara masa. Kafin a rufe asusun ranar 30 ga Afrilu, mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi sun ba da fam miliyan 32.8, kuɗin da ya kusan kai miliyan 39 bayan an haɗa da rangwamen harajin da dokar ƙasar ke ƙara wa sadaka. An aika masa katin taya murna sama da 150,000. Ranar 17 ga Yuli, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba shi sarautar Sir a fadar Windsor.

Kuɗin sun tafi ga gamayyar ƙungiyoyin agajin asibitoci mai suna NHS Charities Together. Ba albashi aka biya da su ba, domin wannan nauyin gwamnati ne. An kashe su a kan ɗakunan hutawar ma'aikata, da kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsu, da na'urorin da marasa lafiya ke magana da iyalansu. A nan masu suka suka ɗaga murya, kuma da gaskiyarsu: hukumar da ake gudanarwa da harajin jama'a, me ya sa ma'aikatanta za su jira tattakin dattijo mai shekara 99, a daidai lokacin da suke kukan ƙarancin kayan kariya? Wata guda bayan rasuwarsa gwamnatin Boris Johnson ta ba da shawarar ƙara musu kashi 1 cikin 100 na albashi, sai da aka yi ca a kanta ta mayar da shi kashi 3.

Abin da ya biyo baya ya fi ɗaci. A 2020 an kafa wata gidauniya da sunansa, wadda ba ta da alaƙa da waɗancan miliyoyin. A Yuni 2022 hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales ta buɗe cikakken bincike a kanta. Rahoton da ta fitar a Nuwamba 2024 ya ce 'yarsa da mijinta sun amfana da gidauniyar don kansu. Babban misali shi ne kusan fam miliyan ɗaya da rabi na cinikin littattafai uku, wanda ya shiga kamfanin iyalin, gidauniyar ba ta ga ko kwabo ba, duk da masu saye sun ɗauka taimako suke yi. An haramta wa 'yar riƙon amanar kowace ƙungiyar agaji na shekara 10, mijin kuma shekara 8. Tun kafin nan, a Fabrairu 2024, an rushe wani ginin wurin wanka da shaƙatawa da suka yi a harabar gidan ba bisa izinin da aka ba su ba. Iyalin sun ce ba a yi musu adalci ba.

Mutane da yawa kan cakuɗa labaran biyu, su ɗauka kuɗin tattakin ne aka ci. Ita kanta hukumar ta fayyace cewa waɗannan ba sa cikin abin da ta bincika, domin kai tsaye suka isa hannun NHS Charities Together. Gidauniyar kuwa ta daina karɓar gudummawa tun a Yuli 2023.