Kumburin Cikin Jiki da Larurar Ƙwaƙwalwa ga Tsofaffi

Kumburi martani ne da garkuwar jiki take mayarwa idan cuta ko rauni ya same ta. Akwai na fili, mai zafi da ja, akwai kuma na ɓoye, mai rauni, wanda yake daɗewa ba a ji. Wannan na biyun yana ƙaruwa da shekaru, kamar yadda masanin Italiya Claudio Franceschi ya bayyana a 2000. Ciwon suga, ƙiba, shan taba da ciwon haƙori duk suna rura shi.

Likitoci suna gano shi da awon jini. Mafi shahara shi ne CRP, sinadarin da hanta ke fitarwa, wanda aka gano a Amurka a 1930. A jinin mai lafiya bai cika kai miligiram 10 cikin lita ba, amma yakan hau sosai cikin kwana ɗaya ko biyu idan ƙwayar cuta ta shiga. Akwai kuma IL-6, saƙon da ke umartar hanta ta fitar da shi, da ƙidayar fararen ƙwayoyin jini, wadda ke cikin awon da likitocin Kamaru ke rubutawa NFS.

Waɗannan saƙonni suna isa ƙwaƙwalwa, su taɓa barci da cin abinci da walwala. Wani nazari na 2019 ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na masu ciwon damuwa suna da ɗan ɓoyayyen kumburi. Haɗin jiki da zuciya tsohon ilimi ne a wurinmu: Abu Zaid al-Balkhi (ya rasu 934) ya yi bayaninsa a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus.

Sai dai a kiyaye: CRP ba ya tabbatar da taɓin hankali, ba ya kore shi. Zazzaɓin cizon sauro ko ciwon gaɓɓai ma suna ɗaga shi. Likita ne ke fassara shi bayan ya duba majinyacin.

Abin da ya fi shafar gidajenmu na New Bell shi ne ruɗewar farat ɗaya. Dattijon da jiya ya yi sallah a jam'i, yau yana sambatu bai gane 'ya'yansa ba, sau da yawa cutar mafitsara ce, ko ta huhu, ko zazzaɓi, ko da jikinsa bai yi zafi ba. Kada a yanke cewa aljanu ne ko gigin tsufa. A kai shi asibitin gundumar New Bell a ranar. Asibitin Laquintinie kuma yana da sashen ƙwaƙwalwa. Addu'a da ruƙiyya su tafi tare da magani, domin shari'a ta yi umarni da neman magani.

Kada a ba tsoho ibuprofen ko diclofenac na kasuwa da sunan kashe kumburi, suna cutar da ƙoda da ciki. Kada kuma a dakatar masa da maganin ƙwaƙwalwa ba da izinin likita ba.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya. Wallahu a'alam.