Aman Wuta da Tarihin Ziyara a Gaɓar Antirim, Ailan ta Arewa

Galibi idan malaman tarihi suka zo bayanin yadda wani wuri ya shahara, daga mutane suke farawa: wane sarki ya kafa shi, wane ayari ya fara yada zango a cikinsa. A wannan maƙala za mu ja da baya, mu fara daga ƙasar kanta. Misalin da muka ɗauka shi ne gaɓar teku ta lardin Antirim a Ailan ta Arewa, musamman wurin da Turawa ke kira Giant's Causeway, watau Gadar Ƙato, inda ginshiƙan baƙin dutse kimanin 40,000 suka jeru manne da juna har suka nutse cikin teku. Manufarmu ita ce mu nuna cewa wuta ta gama nata aikin tun da daɗewa, amma sai da zane da gardamar masana da hanyar sufuri suka haɗu kafin wurin ya zama abin ziyara, kuma daga nan ne rigimar mallakarsa ta taso.

Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, lokacin da Girinlan ke rabuwa da Turai, ƙasa ta tsattsage a wannan yanki, narkakken dutse ya riƙa kwararowa yana malale farin alli da ke shimfiɗe tun can da. Har yau mai tafiya gabas da garin Fotrash zai ga farin alli a ƙasa, baƙin dutse a bisansa kamar an yi masa rawani. Bayan kwararar farko sai aka sami dogon hutu. A lokacin yankin yana da zafi da damshi, don haka saman dutsen ya ruɓe ya koma jar ƙasa, irin marmarar nan da muka sani a ƙasarmu, koguna kuma suka haƙa kwaruruka a cikinta. Da aman ya dawo, narkakken dutsen ya cika wani kwari ya kwanta kamar tabki mai zurfi.

A nan ne asirin ginshiƙan yake. Duk wanda ya taɓa lura da laka a gindin tabki da rani ya ga yadda take tsagewa gida-gida idan ta bushe, domin tana tsukewa. Haka dutsen ya yi, sai dai shi hucewa ce ta tsuke shi. Da yake a hankali ya huce, tsagar ta riƙa ratsawa ciki daidai wa daida, ta bar ginshiƙai, akasarinsu masu gefe shida, wasu huɗu, biyar, bakwai ko takwas, mafi tsawo kuwa sun kai mita 12. A 2018 masu bincike a Jami'ar Libaful sun gwada irin wannan dutse, suka gano yana fara tsagewa ne idan zafinsa ya sauko tsakanin digiri 890 da 840. Ƙanƙara da igiyar teku ne daga baya suka yaye lulluɓin, ginshiƙan suka bayyana.

Mutanen yankin, masunta da makiyayan tumaki, sun daɗe da sanin wurin, kuma suna da nasu bayanin. Tatsuniyarsu ta ce wani ƙato mai suna Fin Makul ne ya gina gada don ya haye Sikotlan ya kara da wani ƙaton. Kada mu yi saurin raina wannan labari. A tsibirin Sitafa, can ɓangaren Sikotlan, akwai ginshiƙai iri ɗaya, kuma masana sun tabbatar da cewa na zamani ɗaya ne. Masu tatsuniya sun ga dangantakar, dalilin ne kawai suka ba ƙato.

Labarin ya shiga takardun masana a 1693, sa'ad da Richard Bulkeley na Kwalejin Tiriniti ta Dablin ya aika da bayaninsa ga ƙungiyar masana ta Landan. Amma a ganinmu wadda ta fi kowa tasiri mace ce mai zane, Susanna Drury. A 1739 ta zana wurin da kulawa ƙwarai, har siffar kowane ginshiƙi ta fito, a 1740 kuma aka ba ta kyautar fam 25 a Dablin. Da aka buga zanen ya bazu a Turai, sai ya faɗa hannun wani Bafaranshe, Nicolas Desmarest, wanda cikin shekarun 1760 ya ga irin waɗannan ginshiƙai a lardin Obanyi na Faransa, ya bi sawunsu har bakin tsofaffin ramukan aman wuta. Ya kwatanta su da zanen, ya yanke cewa na Antirim ma wuta ce asalinsu.

Wannan ra'ayi bai karɓu da sauƙi ba. Almajiran Abraham Werner na Jamus sun tsaya a kan cewa baƙin dutse daga ruwan wani tsohon teku ya daskare, kuma suna da hujja mai ƙarfi a gaɓar nan: a Fotrash an sami ɓawon halittun teku a cikin wani baƙin dutse mai tauri. Suka ce, ina halittar da za ta zauna cikin wuta? Sai a 1802 John Playfair na Edinbara ya bayyana cewa dutsen Fotrash tsohuwar lakar teku ce da narkakken dutse ya kutsa kusa da ita ya gasa ta, kamar yadda wuta ke gasa tukunya. Hujjar masu ruwa ta koma hannun masu wuta. Abin lura ga mai tarihi shi ne, kowane zagaye na gardamar ya ƙara wa wurin suna, masu hali suka fara zuwa su gani da idonsu.

Zuwan kuwa da wahala, sai da hanya ta samu. An gina titin gaɓar Antirim tsakanin 1832 da 1842, jirgin ƙasa ya iso Fotrash a 1855, a 1883 aka buɗe layin taragon lantarki da ƙarfin ruwan kogin Bush ke turawa, wanda ya isa Gadar a 1887, ya yi aiki har 1949. Talakawan yankin suka sami sana'a: masu ja-gora, masu kwale-kwale, masu sayar da tsaraba. Duwatsu suka sami sunaye irin su Takalmin Ƙato da Kujerar Buri, domin baƙo ya fi sakin kuɗi idan an haɗa masa da labari. Sauran gaɓar ma ta ci albarkacin dutsen. Tsibirin Karik-a-Rid ragowar bakin aman wuta ne, gadar igiya da masuntan kifin samon suka fara ɗaurawa zuwa gare shi a 1755, kimanin mita 30 bisa ruwa, ta zama abin da baƙi ke bin layi su haye, ko da yake an daina sun a 2002.

Da kuɗi suka shigo, sai tambayar mallaka ta taso. Cikin shekarun 1890 wani kamfani ya kewaye duwatsun da shinge ya sa kuɗin shiga. Mutane suka kai ƙara, kotu ta ba kamfanin gaskiya. Shingen ya daɗe, har ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi ta karɓi wurin a 1961. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1986. Gobara ta cinye zauren baƙi a 2000, kuma sai da aka shekara 12 ana ja-in-ja kafin a buɗe sabo a 2012, a kan fam miliyan 18.5. Ko a nan tsohuwar gardama ta sake ɗago kai, domin wani sashe na bayanin zauren ya ambaci ra'ayin masu cewa duniya shekarunta dubbai ne kawai; masana suka yi ca, aka sake bayanin a shekarar. Zuwa ga duwatsun da ƙafa kyauta ne, zauren da wurin ajiye mota ne na kuɗi, amma an sha kokawa cewa ba a fayyace wa baƙo wannan bambanci sosai. Mu dai muna ganin masu kokawar suna da hujja, tun da hanyar ta jama'a ce.

Kafin annobar 2020 baƙi sun kai kimanin miliyan 1 a shekara, kuma sun zo da wata al'ada: cusa kwabbai cikin tsagar ginshiƙai don neman sa'a. Ruwan gishiri kan sa kwabon ya yi tsatsa ya kumbura, ya ɓantare gefen dutsen, ya bar masa tabo. A 2025 National Trust ta roƙi jama'a su daina, ta kuma ƙiyasta cewa cire kwabban da aka riga aka cusa zai ci fiye da fam 30,000.