Daga ta Arba'in Zuwa ta Ɗaya: Tarihin Shirye-shiryen Jerin Waƙoƙi a Rediyo

Ranar Asabar, 20 ga Afrilun 1935, gidan rediyon NBC na Amurka ya ƙaddamar da shirin Your Hit Parade, wanda kamfanin sigarin Lucky Strike ya ɗauki nauyinsa. Waƙoƙi 15 da suka fi tashe a makon ake kawowa da farko, kafin a koma salon da ya zama gado: a faro daga ƙasa, a yi ta hawa, a bar gwarzuwar mako sai a ƙarshe. Ba faifan mai waƙa ake sakawa ba, mawaƙan shirin ne ke rera waƙoƙin da bakinsu, kuma Frank Sinatra na cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Hakan ne ya karya shirin daga baya. Da kiɗan matasa irin na Elvis Presley ya mamaye kasuwa, sai jama'a suka ƙi muryar aro, kowa na son jin mai waƙa da kansa. A 1959 shirin ya rufe, bayan ya koma talabijin.

Jeri ba ya yiwuwa sai da lissafi. Mujallar Billboard ta fara buga jerin faya-fayen da suka fi ciniki a Amurka a watan Yulin 1940, sannan ranar 4 ga Agustan 1958 ta fito da Hot 100, inda Ricky Nelson ya zama na farko da ya hau saman jerin. A Ingila abin ya fi haka sauƙi. A Nuwamban 1952 Percy Dickins na jaridar New Musical Express ya buga waya ga shaguna kusan 20, ya tambayi abin da suka fi sayarwa. Jerin matakai 12 aka shirya, amma waƙoƙi 15 suka shiga saboda kunnen doki, Al Martino kuma ya zo na ɗaya. BBC ta bi sahu da Pick of the Pops a 1955, shirin da Alan Freeman ya yi suna da shi.

Indiya ma tana da nata labarin, mai daɗin ji ga duk wanda ya taso da waƙoƙin finafinan Indiya a sinimomin Kano ko Jos. A farkon shekarun 1950 ministan yaɗa labarai B. V. Keskar ya taƙaita waƙoƙin fim a rediyon gwamnati, don a ganinsa suna gurɓata al'ada. Sai Rediyon Ceylon, daga tsibirin da ake kira Sri Lanka a yau, ya ci gajiyar wannan takunkumi. A 1952 ya fara shirin waƙoƙin fim na Binaca Geetmala da muryar Ameen Sayani, duk ranar Laraba da dare, kuma shirin ya zauna a tashar har 1988.

Amma wanda ya kai wannan sana'a ƙololuwa shi ne Casey Kasem. Sunansa na yanka Kemal Amin Kasem, an haife shi a Detroit a 1932, iyayensa 'yan asalin Lebanon ne. Ya goge a rediyon sojojin Amurka a Koriya, ya zaga tashoshi da dama. Yakan ba da labarin cewa a wata tasha a Oakland ya tsinci mujallar tarihin mawaƙa a kwandon shara, daga nan ya koyi dabarar da ta ciyar da shi har tsufa: kafin talla sai ya jefa wa mai sauraro rabin labari, ya ɓoye sunan mai labarin, wanda ke son ƙarashe dole ya jira.

A ƙarshen makon 4 ga Yulin 1970 ne shi da Don Bustany, Tom Rounds da Ron Jacobs suka fara American Top 40 a tashoshi bakwai kacal. Ƙungiyar Three Dog Night ce ta zo ta ɗaya a shirin farko. A Los Angeles ake naɗar shirin, a buga shi a faya-fayen garmaho, a aika wa tashoshi cikin kwali kafin ƙarshen mako. Sa'o'i uku ne, sai a 1978 aka mayar da shi huɗu. A shekarar ce kuma aka ƙara sashen wasiƙu, inda wani zai rubuto labarin masoyi da ya yi nisa ko ɗan'uwa da ya rasu, ya roƙi a saka masa waƙa, kwatankwacin Zaɓi Sonka a gidajen rediyon Hausa. Ɗaruruwan tashoshi a Amurka da ƙetare suka riƙa ɗaukar shirin.

Kasem ya gane cewa lamba kaɗai ba ta riƙe kunne. Wace waƙa ce ta yi tsalle mafi nisa a wannan mako? Wa ya faɗo? Wa ya daɗe a sama? Irin waɗannan tambayoyi suka mayar da lissafin 'yan kasuwa gasa mai magoya baya, har matasa suka riƙa rubuta jerin a littafin makaranta, suna haddace tarihi irin na 4 ga Afrilun 1964, lokacin da Beatles suka kame matakai biyar na farko a Hot 100 su kaɗai.

Inda akwai gasa kuwa, akwai maguɗi. A 1959 da 1960 majalisar dokokin Amurka ta binciki yadda kamfanonin faifai ke ba masu gabatarwa toshiyar baki don su yawaita saka waƙoƙinsu, badaƙalar da ta durƙusar da fitaccen ma'aikacin rediyo Alan Freed. A Ingila, BBC ta hana saka wata waƙar ƙungiyar Frankie Goes to Hollywood a 1984, hanin ya zame mata talla, ta yi mako biyar tana ta ɗaya. Sai a 1991 Billboard ta daina dogaro da rahoton baki daga masu shaguna, ta koma ga na'urar da ke ƙirga kowane faifai a wurin biyan kuɗi.

Kasem ya bar shirin a 1988 kan saɓanin kwantiragi, ya dawo a 1998, ya miƙa wa Ryan Seacrest a 2004, ya rasu a Yunin 2014. Yau wayar hannu na nuna wa kowa yawan masu sauraron waƙa nan take, ba wanda ke jiran ƙarshen mako don ya ji sakamako. Duk da haka, tashoshin Amurka na ci gaba da maimaita shirye-shiryensa na shekarun 1970 da 1980 duk mako, kuma mutane na sauraro alhali sun san wadda ta zo ta ɗaya tun shekaru arba'in da suka wuce. Ashe labarin ne hajar da ake saye, lambobin hanyar kai shi kasuwa ce kawai.